Wata biyar ina koyon ɗinki amma har yau layina bai miƙe ba, anya ba baiwa ce babu ba?

Autar Mama:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema don wallahi abin ya fara isata. Wata biyar kenan cif da mamanmu ta kai ni wajen wata anti a unguwarmu koyon ɗinki, ina zuwa Asabar zuwa Laraba daga goma na safe har la'asar, amma har yau ɗin nan in na ɗora yadi a keke sai layin ya karkace, in na kula da ƙafa yadi ya zame, in na kula da yadi keken ya juya baya zare ya tsinke. Jiya anti ta ba ni kalmasar zani, kalmasa kawai fa, sau uku tana sa ni ina farkewa, a na ukun sai da na zagaya bayan ɗaki nayi kuka. Akwai yarinyar da ta zo bayana da wata biyu yanzu har siket take haɗawa. Shi ne nake tambaya ɗinkin nan baiwa ce ko kuwa? In baiwa ce gara in haƙura tun da wuri in kama wata sana'ar.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin kowa ya ce miki komai tambaya ɗaya zan miki kuma ki faɗa min tsakani da Allah. A wata biyar ɗin nan sau nawa kike hawa keke a sati, kuma in kin hau minti nawa kike yi a kai? Ba zuwa shagon nake tambaya ba, zaman kan keken.

Autar Mama:
Gaskiya anti kekuna uku ne mu kuma mu shida ne masu koyo, ɗaya nata ne ba mai taɓawa. Yawanci guga nake yi da sa botin da cire zare, ko a aike ni sayo zif da gam. Hawa keke bai fi sau biyu a sati ba, shi ma kamar rabin awa sai a ce in tashi akwai aikin mutane.

Maman Sadiq:
To kinji. Zo mu yi lissafi, wata biyar sati ashirin kenan, sau biyu a sati sau arba'in, rabin awa rabin awa ya kama awa ashirin. Awa ashirin fa ƙanwata, ko kwana guda cur bai cika ba. Ke a ranki wata biyar kika yi kina ɗinki, ƙafarki kuwa awa ashirin ta sani. Ita waccan yarinyar ki bincika, na rantse miki akwai keke a gidansu.

Autar Mama:
Laa wallahi kuwa, yayarta tana da Butterfly a gida, ta taɓa faɗa min da daddare take hawa.

Abu Hanif:
Ni dai kuyi haƙuri zan faɗi abinda ba a so. Baiwa gaskiya ce, kar a yaudari yarinya. Mu biyu babanmu ya kai shago ɗaya rana ɗaya ni da ƙanena, shi cikin wata shida yana yanka kaftani ni kuwa shekara na yi ko aljihu ban iya ɗorawa ya zauna ba, na tattara na koma Kwari ina sayar da yadi kuma Alhamdulillah a nan abincina yake. Kowa da inda Allah ya ajiye masa rabonsa. Wani ko shekara goma zai yi yana taka keke ba zai zama tela ba.

Baba Tela Fagge:
Salamu alaikum. 'Yata Auta, ni na shiga shago a 1979 ina ɗan shekara goma sha uku, yau jikokina ne ke rubuta min wannan saƙon ina faɗa musu. Bari in gaya miki yadda maigidana Allah ya jiƙansa ya fara da ni. Sati biyu na farko ko allura babu a keken, cire ta yayi. Ya ce in zauna in taka kawai, in kaɗa kan keken da hannun dama ya juyo wajena sannan ƙafa ta karɓa, in tsaya, in sake tayarwa, kar ya koma baya ko sau ɗaya. Yana can yana yanka amma kunnensa na kaina, da ya ji sautin ya canza zai ce "ya koma", ko ɗago kai ba ya yi. Sai da na kai ina taka keke ina hira da mai shayin ƙofar shago sannan ya mayar da allura, amma ba zare. Ya yayyago takardar buhun siminti ya ja min layuka da biro, ya ce in bi layin da allura, in na gama a ɗaga takardar a rana a ga hudojin ko sun bi layi. Bayan miƙaƙƙen layi sai kwana, bayan kwana sai da'ira kamar katantanwa daga waje har tsakiya. Sai da na cika kwali da takardun nan sannan na ga zare.
Abinda ke damunki shi ne kina son koyon abu uku a lokaci guda, ƙafa da hannu da ido, ita kuwa ƙwaƙwalwa ɗaya take iya tsarewa. Sai ƙafa ta haddace nata ta daina tambayarki sannan hankalinki zai samu sukunin komawa kan yadi.

Autar Mama:
Baba na gode Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi ni ranar farko aka ba ni ƙyalle da zare aka ce in ɗinka, ban taɓa taka keke babu allura ba.

Baba Tela Fagge:
Sannan ki daina kallon allura. Duk sabon shiga allura yake kallo tana sama tana ƙasa har ido ya yi yaji. Allura ta san hanyarta. Ki kalli bakin yadin da gefen ƙarfen nan da ke danne shi, ki riƙe tazarar da ke tsakaninsu kar ta canza, layi zai miƙe da kansa. Kuma kar ki ja yadi ta baya, akwai haƙora a ƙasa su ke tafiya da shi, naki kawai ki saita masa hanya. Jan nan shi ke karya allura ya sa ɗinki ya tattare.

Ɗan Tasha:
Allah ya saka Baba. Wallahi daidai da tuƙi. Lokacin da nake koyon mota in zan sa giya sai na sunkuya na kalli hannuna, kafin in ɗago mota ta bar layinta, ga kuloci in na saki da sauri ta mutu a tsakiyar titi masu adaidaita na ta min hon. Ogana ya ce in daina kallon bonet in kalli nesa. Yanzu shekara sha ɗaya ina Kano zuwa Kaduna, zan iya fita daga Unguwa Uku har Kwanar Dangora in ka tambaye ni sau nawa na canza giya wallahi ban sani ba, kunne ke jin kukan inji ƙafa da hannu su yi abinsu. Kuma ba zan iya ce maka ga ranar da hakan ta fara ba, na dai wayi gari na ga ina yi.
Amma akwai gyara a maganar a yi ta yi kawai. Ni na saba ɗora ƙafa a kan kuloci ina tafiya tun ina koyo ba wanda ya hana ni, sai da na cinye faranti biyu bakanike ya gano ni ne matsalar. Cire wannan ɗabi'ar ya fi koyon tuƙin gaba ɗaya wahala a wajena, kusan shekara ina fama. In ka maimaita kuskure sau dubu to kuskuren ka ƙware a kai.

Maman Sadiq:
Yawwa Ɗan Tasha ka taɓo inda nake son zuwa. Auta wannan farkewar da take sa ki kuka, ita ce karatun. Ni antin da ta koya min ko inci ɗaya ya kauce sai ta miƙo min reza ba ta ma magana. A lokacin na tsane ta har raina, yanzu kullum sai na mata addu'a. Wadda za ta cuce ki ita ce mai karɓar karkataccen ɗinki ta ce ya yi, don ita ta huta ke kuma hannunki ya zauna a haka. Abinda kawai zan ce, in ta ce ki farke ki tambaye ta cikin ladabi anti ina ne ya ɓaci kuma me ya jawo, kar ki farke ki sake maimaita abinda kika yi ɗazu.

Abu Hanif:
Duk naji amma ba ku amsa min ba. Ni da ƙanena keke ɗaya oga ɗaya, me ya raba mu in ba baiwa ba?

Malam Na Sakandare:
Abu Hanif bari in shigo nan don an yi bincike a kan wannan tambayar taka. Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Anders Ericsson, shi da abokan aikinsa suka fitar da bincike a 1993 a kan ɗaliban wata makarantar kiɗa a Berlin masu koyon gogen Turawa. Suka tarar waɗanda suka fi ƙwarewa kafin su kai shekara 20 sun tara kimanin awa 10,000 na atisaye su kaɗai, na ƙasa da su kuma awanninsu ba su kai haka ba. Daga nan ne maganar awa dubu goma ta samo asali, wani ɗan jarida ya yayata ta a 2008 har ta zama kamar doka. Shi Ericsson ɗin da kansa ya yi ta cewa ba a fahimce shi ba, adadin matsakaici ne kawai, kuma ba kowane maimaici ke ƙara ƙwarewa ba. Wanda ke ƙarawa shi ne ka ware daidai wurin da kake da rauni ka yi ta yinsa da hankalinka a kai, kuma akwai mai duba ka yana gyara maka nan take. Kun ga takardar simintin Baba kenan, maigidansa bai karanta binciken kowa ba amma abinda ya yi kenan tun 1979.
Amma ba zan ce ba ka da gaskiya kwata-kwata ba. Binciken da aka yi daga baya ya nuna mutane sun bambanta, wani zai kai mataki cikin ɗan lokaci wani sai ya ninka. Ni ma ina gani a aji. Abinda ban yarda da shi ba shi ne a yanke wa mutum hukuncin ba shi da baiwa bayan awa ashirin.

Abu Hanif:
To ai ka dawo maganata malam.

Malam Na Sakandare:
Ban dawo ba. Saurin kamawa daban, iyawa daban. Ita ba cewa ta yi tana son ta fi duk telolin Kano ba, so take ta ɗinka kayan da mace za ta saka ta fita biki ba kunya, wannan kuwa duk mai lafiyar hannu da ido in ya samu keke da mai gyara masa zai kai. Kuma in tambaye ka tsakani da Allah, a shekarar nan da ka yi, in oga ya fita waye ke hawa keken kai ko ƙanenka?

Abu Hanif:
Gaskiya shi ne. Ni raina na kasuwa tun lokacin, in aka aike ni Kwari sai in kai yamma ina kallon yadda ake ciniki. Amma ai son abin ma baiwa ne ko?

Maman Sadiq:
Wannan kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Kuma wadda ta zagaya ta yi kuka a kan kalmasa ai tana son abin, wadda ba ta so ko a jikinta.

Gardin Tsangaya:
Assalamu alaikum. Ina ta karantawa na ce bari in sa baki don mu a tsangaya wannan ita ce rayuwarmu gaba ɗaya. Yaro yana zuwa kolo a fara masa da babbaƙu, harafi tsirara ba wasali, sai farfaru a sa masa wasali, sai hajjatu ya fara haɗa kalma. A wannan lokacin in ka ji yana karatu sai ka tausaya masa, yatsa a kan allo, kowane harafi sai ya tsaya ya tuna sunansa. To wannan yaron ne dai wata rana zai zama alaramma ya zauna ya rubuta izu sittin da ka ba ya duba komai. Tsakanin nan da can ba wani sirri, biyawa ce da asuba da hantsi da dare a bakin wuta, ba a wanke allo sai malam ya saurara ya ce ya zauna. In ka wanke da gyara a ciki to da gyaran za ka tashi, shi ya sa ake zaman darasu a duba rubutun kowa.
Kuma ko bayan ka haddace ba ka tsira ba. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa, shi ya sa mahaddaci ba ya barin tilawa. Ni na taɓa yin jinyar wata biyu ban yi tilawa ba, da na tashi wuraren da harshena ke wucewa kamar ruwa sai na ji ina tuntuɓe a ayoyi masu kama da juna, sai da na yi sati uku kafin ya dawo. Amma ya dawo da sauri fiye da yadda na same shi da farko, nesa ba kusa ba.
Ƙanwata ga abinda zai sanyaya miki rai, a hadisin Nana A'isha an ce mai karatu yana in'ina yana shan wahala lada biyu gare shi. Wannan a kan Alƙur'ani ne ban ce ɗinki ba, amma ki gane cewa matakin tuntuɓen nan ba abin kunya ba ne, kowa ta nan ya bi.

Autar Mama:
Allah ya saka da alheri malam, wallahi har naji hawaye.

Sista Zee:
Nima bari in ba da nawa. Ina makarantar koyon jinya abinda na fi tsoro shi ne sa kanula, in nemo jijiya a hannun mutum. Ranar farko hannuna rawa yake, na soki wata baiwar Allah sau biyu ban samu ba sai da babbar sista ta karɓa, ta ɗaura igiya ta shafa wajen da yatsa biyu ko kallo ba ta cika yi ba ta zura sau ɗaya. Na ce mata ya kike ganinta, ta ce ba gani nake ba ji nake. Ban gane ba a lokacin. Sai da na yi wata da watanni a ɗakin yara inda jijiya take kamar zare, wata rana cikin dare wuta ta ɗauke muna haskawa da fitilar waya aka kawo yaro ruwan jikinsa ya ƙare, na ɗora yatsa naji wani ɗan laushi yana dawowa in na danna, na zura jini ya fito. A nan na gane me take nufi. Ba yadda za a yi ta bayyana min wannan da baki, dole sai yatsana ya taɓa hannaye ɗari ɗari tukunna.
Shawarar da zan ƙara, gara minti talatin kullum da awa huɗu rana ɗaya a sati. Kuma ki dinga samun barci, abinda hannu ya koya da rana a cikin barci ƙwaƙwalwa ke daɗa zaunar da shi, wannan sananne ne a likitance. Sau da yawa abinda ya gagare ki da yamma za ki tashi da safe ki ga ya ɗan yi sauƙi.

Ummu Khairat:
Ni fa duk ba wannan ne ya dame ni ba, masu koyarwar nan ne. An biya ki kuɗin koyo kin mayar da 'yar mutane 'yar aike da mai guga wata biyar, wannan ai zalunci ne a faɗi gaskiya. Haka aka yi wa ƙanwata shekara guda tana wanke wanke da rainon yaran matar, ta fito ko zif ba ta iya sawa ba. Wasu da gangan suke yi don kar ki iya ki buɗe naki ki ɗauke musu kwastomomi. Auta ki faɗa wa mamanku a canza miki waje kawai.

Baba Tela Fagge:
A'a 'yata a yi a hankali. Wanke wanke da raino wannan ba koyo ba ne na yarda, zalunci ne. Amma guga ɗinki ce. Wanda bai iya kwantar da ɗinki da dutsen guga ba bai iya ɗinki ba, a wajen guga ne za ki juya riga ciki ki ga yadda aka haɗa kafaɗa da hannu, inda aka bar rara, inda aka tsaga wuya don ya kwanta. Aiken kasuwa kuma a nan za ki san zare mai kyau da mai tsinkewa, ki san allura lamba 14 ta atamfa ce, in shadda ce mai tauri ko yadi mai kauri a nemi 16 ko 18. Ni yanzu in mutum ya shigo shago kafin in ɗauko tef na san faɗin kafaɗarsa, da wuya in kuskure da fiye da rabin inci, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wannan idon a kan teburin guga na fara samunsa. Laifin antin ɗaya ne, ba ta tsara musu lokacin keke ba. Yara shida keke biyu ai sai a raba musu awa awa.

Ummu Khairat:
Baba na ji kuma na girmama maganarka, amma zamaninku daban. Ku a gidan maigida kuke ci ku sha shekara bakwai ba a karɓi ko sisi ba, yanzu kuɗi ake biya a ce wata shida ko shekara za a yaye ka. In an karɓi kuɗi da wa'adi to a ba da keke.

Baba Tela Fagge:
Wannan kuma gaskiyarki ce, ban da ja.

Maman Sadiq:
Ni ina da yara biyar a shagona bari in faɗi ta ɓangarenmu. Mace ta kawo leshinta na dubu tamanin ko shadda Getzner, in na ba mai koyo ta ɓata ni zan biya, kuma gab da sallah keke ɗaya in ya tsaya awa guda asara ce. Abinda nake yi, daga takwas zuwa goma na safe kafin aiki ya kankama kekunan nasu ne, akwai buhun ƙyallaye na ajiye musu. Auta kafin a kai ga canza waje ki roƙi antin ta bar ki ki dinga zuwa da wuri awa ɗaya, ki share shagon ki sa wa keke mai sannan ki hau. Da wuya ta hana. In ta hana to sai a bi shawarar Ummu Khairat.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a, gaisuwa daga Nijar. Ni abin da zan ƙara ma ƙanwarmu shi na ta sani ko ta iya akwai ranar da za ta koma kamar ba ta iya ba, kar ta tsorata. Ni shekara shidda ina taka keken ƙafa a Maraɗi, da na zo Kano aiki aka ɗora ni bisa Juki mai wuta, na taɓa shi kaɗan ya kwashe da gudu ya cinye min rabin hannun riga kafin in ɗaga ƙafa. Kwana goma ina jin kunya kamar yaron da aka kawo jiya. Ga kuma awo, mu can da santimita da mita muke aiki ku nan inci da yadi, inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi inci 36 mita kuwa ta ɗara inci 39 kaɗan. In oga ya ce kafaɗa sha takwas sai na tsaya ina juyawa cikin kaina, wajen arba'in da shidda kenan, sannan in yanka. Wata ukku ina haka. Wata rana na ankara na yanka riguna huɗu ban juya lissafi ko sau guda ba, sha takwas ɗin ta zama sha takwas kawai a idona. Kamar yadda yaro ke koyon Faransanci a lakwal, da farko sai ya fassara cikin kai, daga baya maganar ta riƙa fitowa da kanta.
Kuma akwai lokacin da za ki ga kin tsaya cak, sati uku huɗu ba gaba ba baya. Nan ne mutane da yawa ke bari. Ni in na ga haka sai in ɗauko abin da ya fi ƙarfina kaɗan, in na saba da miƙaƙƙen layi in koma wuya, in wuya ya zauna in koma aljihu.

Ɗan Tasha:
Wallahi haka ne, ranar da na fara hawa mota otomatik ƙafar hagu sai neman kuloci take na taka birki da ƙarfi fasinja suka yi gaba. Jiki in ya haddace abu ba ya shawara da kai.

Malam Na Sakandare:
Abu ɗaya zan ƙara Auta, ki ajiye shaida. Takardar farko da za ki huda ki rubuta kwanan wata a jiki ki ɓoye, duk Juma'a ki ajiye guda. Mai koyo ba ya ganin ci gabansa don idonsa ma yana ƙara wayewa, abinda da ba ki gani a matsayin kuskure yanzu za ki gan shi, sai ki ɗauka baya kike yi alhali gaba kike. Takardun ne za su raba gardama.

Autar Mama:
Na gode ƙwarai da gaske kowa da kowa, ban zaci zan samu amsa haka ba. Na karanta wa mama duka, ta ce akwai tsohon Singer na gwaggonmu a Ɗorayi tun na aurenta yana ajiye ba mai amfani da shi, gobe yayana zai ɗauko a adaidaita. Zan kuma yi wa anti maganar zuwa da wuri. In sha Allah zan dawo in faɗa muku yadda ake ciki.

Baba Tela Fagge:
In an kawo kar ki hau sai an kai wa mai gyara ya wanke shi ya sa mai ya canza bel, keken da ya daɗe a ajiye yana da nauyin taku zai sa ki zaci laifin ƙafarki ne.

Autar Mama:
Assalamu alaikum, na dawo, yau kwana ashirin da uku. An gyara keken dubu huɗu har da sabon bel. Kwana shida na yi ba allura kamar yadda Baba ya ce, bayan asuba minti talatin bayan isha'i minti talatin, kwana ukun farko cinyoyina har ciwo suke kuma yana komawa baya, a rana ta biyar ina takawa mama ta kira ni daga tsakar gida na amsa mata muka yi magana mai tsawo sai daga baya na lura keken bai tsaya ba kuma bai juya ba. Takardar siminti ban samu ba sai tsofaffin littattafan ƙanena na makaranta masu layi na yi amfani da su, na ajiye ta farko da ta kowace Juma'a kamar yadda malam ya ce, ta farkon kamar tafiyar tururuwa ta jiya kuwa sai a wajen kwana ne kawai nake fita layi. Anti ta yarda ina zuwa tara, shekaranjiya ta ba ni kalmasar zannuwa biyu ta duba ta juya ta ajiye a kan na guga ba ta ce komai ba, ba ta miƙo reza ba. Da'irar katantanwar ce har yanzu take gagarata, in na zo tsakiya inda ta matse sai takardar ta yage.

Baba Tela Fagge:
Madalla 'yata. A tsakiyar ki daina takawa da ƙafa, ki juya kan keken da hannu ɗinki ɗaya ɗaya, allura na ƙasa ki ɗaga ƙarfen ki juya takardar kaɗan ki sauke ki ci gaba. Haka za ki yi a wuyan riga ma in kin kai can. Ki yi guda biyar kullum zuwa Juma'a ki turo hoton ta ƙarshen mu gani.

Autar Mama:
To Baba in sha Allah. Anti Maman Sadiq dan Allah zif fa, in fara gwadawa a ƙyalle yanzu ko in bari sai da'irar ta zauna?

Maman Sadiq:
Bari sai sati mai zuwa. Ki nemi tsofaffin zif guda uku a buhun shagonku masu inci takwas na siket, ki fara kafa su da allurar hannu tukunna kafin ki kai keke, ranar Asabar ki min magana in nuna miki yadda ake kwantar da bakin.